Shinkafar da Nna Wusa Ta Zauna a Kai

Kafin lauje ya taɓa shinkafar ƙauyenmu na ƙasar Nufe, sai Nna Wusa ta riga shi shiga fadama. Da hantsi za ka hango ta, zane a tattare har gwiwa, tana bin zangarniya ɗaya bayan ɗaya. Ta shafa wannan, ta ciji ƙwayar waccan, ta yanke wadda ta kwanta mata a rai. Iri take zaɓa. Ta shanya, ta gauraya da toka, ta zuba a baƙin tulun da ta zo da shi ranar da aka kawo ta gidan mijinta Legbo, ta liƙe bakinsa da laka. Shekara hamsin da biyu ke nan, ba fashi!

Sai shekarar da kogi ya hauro ya cinye gonaki da rumbuna. Mai jirgin da ya kwashe su har yau yana faɗa: wurin kaya ɗaya ya rage, ko tasoshinta na tagulla ko tulu. Ta rungumi tulu, ko waiwaye ba ta yi ba.

A kan tudu yunwa ta yi tsanani, jikoki sai kuka. Legbo ya matso kusa da ita.

"Uwar Tsado, tiya ɗaya kawai. A dafa wa yaran nan."

Ta gyara zama a kan tulun. "In ka cinye yau, baɗi me za ka shuka? Gemunka?"

"Ke fa na aura, ba tulu ba."

"Tare ka ɗauko mu, lokacin ba ka yi magana ba."

Jama'a suka kwashe da dariya. Amma Tsado, babban ɗanta, ya ce ya ga ta juya baya tana share hawaye da gefen mayafi. Washegari ta cire murjanin da Legbo ya sa mata a wuya tana amarya, ta sayar, ta auno wa jikoki garin rogo.

Da ruwa ya janye, kaf ƙauyen ba mai ko ƙwayar iri. Ta fasa lakar nan, ta bi gida-gida tana ba kowa cikin tafin hannu biyu. Ya Allah, zo ka ga kakar da ta biyo baya! Tun daga nan muke kiran shinkafarmu Nna-ta-zauna.

Ke ce uwar iri, Nna Wusa. Ke ce kika ji kukan jikokinki har cikin ƙashi, kika daure don jikokin kowa su ci.

Bana idon Nna Wusa ya yi rauni, sai ta miƙa tulun ga jikarta Kashi a gaban jama'a.

"Kaka, in nawa mijin ya ce a dafa fa?"

"Allah bai ba ki wurin zama ba ne, 'yar nema?"

Ana cikin guɗa sai ga Legbo yana dogara sanda. Ya zaro murjani daga aljihu ya rataya wa Nna Wusa a wuya.

"Da shinkafarki na sayo shi," ya ce.

Ta laluba ƙwayoyin murjanin da yatsu. "Ka ga amfanin rashin dafa maka."

Mun gode, Nna. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Mu kuma da muke cin tuwonki, kowa ya duba abin da aka damƙa masa, ya zauna a kai.