Ranar da Na'ura ta Nemi Sunan Ɗan Fari

Ni ban iya rubutu ba, faɗa nake yi ana rubuta mini. Daga wani ƙauye na ƙasar Tsaskiya muka gudo Batsari, bayan 'yan bindiga sun faɗo mana ana tsakiyar yankan gero. Malam, maigidana, a bakin rumbu suka harbe shi, Allah ya jiƙansa. Ɗana na fari kuwa suka ɗaure shi da igiya a bayan babur suka yi daji da shi. Har yau shiru.

Bayan na fita takaba aka ce wata ƙungiya ta buɗe ofis kusa da kasuwa, tana ɗaukar labarin waɗanda aka rasa. Wanda ya mutu a ajiye takardarsa gefe, wanda aka sace a tura tasa Katsina ga masu bin sawu. Na je. Wata mata mai tabarau ta zaunar da ni, ina magana ina sharar hawaye, tana bugawa a kwamfuta.

Da na gama ta ce, "Inna, ɗan dakata. Sabon tsari aka kawo mana, gwada shi muke yi. Labarinki dogo ne guda ɗaya, na'urar ce za ta yanyanka shi, kowane mutum da takardarsa."

Na ce, "'Yar nan, ashe wajen mahauta na zo."

Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Da farko ta saita ta ta yanka duk inda shafi ya cika. Ta karanta mini abin da ya fito. Takarda ɗaya ta ƙare Malam yana tsaye a bakin rumbu, ta biyu ta fara da jini, ba a san na wane ne ba. Ta yi tsaki ta sauya saitin. Yanzu, in ji ta, duk inda sunan mutum ya fito, nan za ta yanka.

Takarda guda ce ta fito. Sunan Malam yana sama, don daga katin zaɓensa ta kwafa, ba daga bakina ba. Komai ya zube a ƙarƙashinsa, har da igiyar, har da babur ɗin. Na'urar ta ɗauki duka ta kai wajen matattu.

"Inna, ina sunan ɗan naki? 'Yaron nan' kawai kike ta cewa."

Mu a wajenmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari. Kakarsa ce ta goye shi, ni ko kallonsa ba na yi a gaban mutane. Ya yi gemu, ya yi 'ya'ya, sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba.

Na ce, "Rubuta ɗan Malam na fari."

"Ita ba ta san kunya ba, Inna. In babu suna, a wajenta babu mutum."

"To fitar mini da shi daga cikin matattu. Ban ga gawarsa ba."

Ta ce in kwantar da hankalina, ai gwaji ne. Sai kuma ta tsaya tana kallon gilashin kwamfutar, fuskarta ta sauya. Ta ɗauki waya ta fita waje. Da ta dawo ba ta kalle ni ba. Ta ce ba ta tabbata ba ko takardar gwajin ma tana wucewa Katsina, su ɗauka ya mutu, gara a gyara tun da wuri.

Na leƙa waje ko zan ga ɗan ƙauyenmu ya faɗa mata sunan. Baƙin ido ne duka a kan benci.

Na rufe fuskata da mayafi na faɗa. Ta ce ba ta ji ba. Na ɗaga murya, kamar mai kiran mutum daga gona, har na bencin suka juyo.

Na'urar ta yanka. Matar ta ce ya fita, yana wajen waɗanda ake nema.

Na ce, "Wacce ta riga isa can, ta matattun ko wannan?"

Ta ce, "Sai dai mu jira, Inna."

Jiran nake yi. Sau ɗaya na kira yaron nan da sunansa a duniya, kuma ba wanda ya amsa.