Inna a Ƙofar Filin Jirgi

Ni na jawo. Da na kama bakina, da Inna ta bar duniya ba ta san jikanta ya zo kusa da ita ba, kuma da ya fi mata sauƙi.

A Nijar na haifi ɗana na fari, na zo da shi nan jihar Maryland, ƙetaren teku, yana goye. A Germantown ya girma, ina yi masa Hausa yana ba ni amsa da Turanci. Da ya gama sakandare ya shiga sojan saman ƙasar nan, aka koya masa gyaran janareto. Inna kuwa, mahaifiyata, rabonta da shi tun yana shan nono. Duk ranar da na buga mata waya sai ta ja shi da wasan jika: "Ina marowacin mijin nan nawa? Ko goro bai taɓa aiko min ba."

Wata Asabar ina wanke kwanoni ya kira, ya ce an tura su wani filin jirgi a arewacin ƙasarmu. Ai na san wurin! Tun zamanin Faransawa aka share shi. Ina yarinya jar ƙasa ce kawai da ɗaki guda, sai an kori awaki kafin jirgi ya sauka. Yanzu, in ji shi, an malala kwalta, an kafa tantuna masu na'urar sanyi, ga ɗakin cin abinci, ga wurin motsa jiki, har askirim suke sha. Askirim a hamada, jama'a! Ya kuma ce shingen waya ya zagaye wurin, ba a barin su fita. Wannan ta bayan kunnena ya bi. A ganina, wane marar imani ne zai hana yaro ya je ya gaida kakarsa?

Ko hannu ban goge ba na kira Inna. Ta rangaɗa guɗa har wayar ta yi ƙara. Sati biyu tana sa a share tsakar gida. Da ta ji shiru, ta ɗaure kilishi da dabino da sabuwar hula, ta hau bayan mota da ciwon gwiwarta, tafiyar yini guda.

Sojojin da ke ƙofa 'yan ƙasa ne. Suka gaishe ta da ladabi, suka ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba mu da iko." Ta koma gefen hanya wajen mata masu sayar da abinci, ta zauna.

Ina cikin cunkoson motoci a kan babbar hanya mai lamba 270 zan tafi aiki na samu ɗana a waya. Na dinga yi masa ihu. Ya ce, "Mama, sau uku na roƙa." Na ce masa ya zama Bature, bai san darajar kowa ba. Wallahi na faɗa, da bakin nan nawa, kuma har gobe yana cina.

Kwana biyu ta yi a wurin, ta koma da ƙullinta. Daga nan ba ta sake kiransa mijinta ba, sai dai ta ce, "Ki gaida yaron." Kafin damina ta rasu.

Da ya dawo gida ya same ni a kicin. Ya yi ta juya kofi a hannu, can ya ce, cikin Hausarsa mai ɗingishi, rana ta biyu ya hau kan motar ruwa ya leƙo ta saman shingen waya. Ya hango mata zaune nesa, wajen su bakwai. Ya ɗaga hannu, bai san wa yake ɗaga wa ba.

"Mama, wane launi ne lulluɓinta?"

Ina zan sani? Ni ma shekara goma sha ɗaya rabona da ita. Na ce masa shuɗi.

Ya ce, "Akwai mai shuɗi. Ta ɗaga min hannu."

Na juya na buɗe famfo don kada ya ji kukana.