Etelka Mai Ɗuren Agwagi

A ƙauyenmu na bakin kogin Koros, in gari ya waye ka ga tururi yana fita ta tagar rumfar gidan ƙarshe, to Etelka ce ta ɗora masara. Tururin yakan haɗu da wanda ke tashi daga kogi, har ka rasa inda rumfa ta ƙare da inda fili ya fara. Muryarta kawai za ka ji daga ciki, tana rera wa agwagi wata waƙa da hanci.

Ɗure shi ne sana'arta, wurin uwarta ta gada. Takan zauna a gajeriyar kujera, ta matse agwagwa tsakanin gwiwoyi, ta zura mata mazurari, ta zuba dafaffiyar masara mai ɗan gishiri da mai, tana shafa wuyan a hankali har ta wuce. Kafin wata ya zagayo hantar ta cika tafi biyu, ta yi ɗorawa-ɗorawa kamar man shanu, 'yan kasuwa su kwashe zuwa Budapest. Masu cewa aikin akwai rashin imani ba su rasa hujja ba, ita ma ta san da haka. Sai dai tun tana yarinya uwarta ta gaya mata cewa agwagin daji haka suke cika cikinsu kafin su tashi zuwa kudu, a hanta suke ajiye guzuri. Tun daga nan ta ɗauka nata ma shirin tafiya suke. Takan lumshe ido hannu na aiki, ta gan su jere a sama suna ƙetare wani teku da ita kanta ba ta taɓa gani ba.

Halitta ɗaya ce ta gagare ta, mijinta Kalman, wanda ya tsufa yana buɗe wa gonaki ruwa a madatsa. Siriri ne kamar tsinken tsintsiya, alhali wansa Gaspar sai ya karkace yake shiga ƙofa. Matan ƙauyenmu kuwa, Allah ya yi su da baki. In sun haɗu a shago sai su kira ta neni, wato inna, su ce, "Etelka neni, agwagi dai kin iya su. Mijin ne ba ki samo mazurarinsa ba?" Ta yi dariya tare da su, amma abin yana ci mata rai. Sai ta koma gida ta ƙara hannu. Da safe burodi shafe da man agwagwa, da albasa da jan barkono. Da rana taliya da kabeji, a biyo da gasasshen ƙullun fulawa mai tuffa da suga. Kalman mutum ne mai kawaici, ko ya ƙoshi ba ya mayar da faranti da saura.

A kakar da ya fara gyangyaɗi da rana tsaka, yana shan ruwa kamar rairayi, 'yarsu Vilma ta zo daga birni ta kai shi asibiti. Aka ɗauki hoton ciki, aka auna jini. Likita ta ce suga ya hau, hanta ta yi kitse, in aka ci gaba a haka za ta lalace yadda ba gyara. Etelka ta ce sam, a dai sake dubawa, ta ɗaga hannun mijin tana nuna wa likita ƙashi, wai ina kitsen yake a nan.

Sai da suka dawo gida Vilma ta zaunar da ita. Vilma a kwalejin noma take aiki, agwagin nan dai su take bincike a kansu, ita da madubin likita, uwar da mazurari.

"Mama, in kin ɗura wa farar agwagwar nan Pekin, ina kitsen yake zuwa?"

"Ƙarƙashin fata mana. Ta yi ɓul-ɓul, hanta kuwa ba abin a zo a gani."

"Mulard fa?"

Mulard ita ce alfadarin agwagwa, uba daban uwa daban, ba ta haihuwa, kuma ita ake nema don hanta. Vilma ta ce masarar ɗaya ce, a jini take zama suga, jiki ya mayar da sugan kitse, amma inda za a ajiye shi gado ne, kowane iri da nasa. Mutane ma haka. Ta ce Baffa Gaspar Pekin ne, Baba kuwa mulard.

Kalman ya ɗago daga kujera. "Ni ne alfadarin? To ke daga ina kika fito?"

Vilma ta yi dariya har da hawaye. Etelka ba ta yi ba. Ta zuba wa hannuwanta ido kamar na wata. Duk ƙauyen nan ba wanda ya kai ta sanin cewa agwagwar da ba ta nuna ƙiba a waje ita ce mai babbar hanta, da yatsa biyu take gane ta. Ga mutum yana kwana a gefenta shekara da shekaru, ba ta taɓa kawo wannan a ranta ba. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Amma akwai abin da ta sani kuma. Agwagwar da ta fara haki kafin lokaci, in ka cire ta daga ɗure ka sake ta a fili tana kiwon ciyawa, hantar takan koma yadda take. Vilma ta ce likita ma abin da take fata ke nan, muddin ba a makara ba. Washegari Etelka ta ɗauke tulun mai ta kai rumfa, ta kulle suga. Kullum bayan karin kumallo sai ta kora Kalman kan gaɓar kogi, tana biye da shi, su yi ta tafiya cikin tururin safiya har hasumiyar coci ta ɓace musu.

Jikinsa ya fara karɓa, gyangyaɗin ya ragu. Sai dai mutumin ya yi sanyi. Ya daina tsokana, yana ta satar kallonta. Gaskiyar magana, Etelka ba mai zance ba ce, ko a ranar aurensu kai ta gyaɗa. In ta yi farin ciki ta ƙara masa cokali, in sun yi faɗa ta soya masa wani abu, shi ke nan an shirya. Yanzu cokalin ya tafi, kuma ba abin da ya maye gurbinsa.

Wata rana ta ajiye masa dafaffen kifi da ganye, ɗan kaɗan a tsakiyar faranti. Ya daɗe yana kallo bai taɓa ba.

"Etelka, na san abin da likita ta ce. Amma ki gaya min tsakani da Allah, na yi miki wani laifi ne?"

Ta juya wajen murhu, hannunta ya kai kan tukunya da kansa, ta janye shi. Ta goge shi a zane, ta sake gogewa. Da maganar ta fito, bango ta gaya wa.

"Ba na son ka riga ni tafiya. Ina son ka, tsohon banza."

Kalman ya tura farantin gefe, ya gyara zama.

"Ƙara min," in ji shi. "Ban ƙoshi ba."