Ƙafar da Na Murza a Motar Kubwa

Ni mace ce mai saurin hawa, duk zumuntar matan cocinmu na Kubwa sun shaida. Da aka karɓe kiɗan tulu daga hannuna aka ba wata ’yar Filato mai sayar da dankali, sai na daina gaishe ta. Zuciyata ta yi ta tafarfasa, ko addu'a na fara fuskarta nake gani. Na ƙudura ran Lahadi zan mayar musu da zanen zumunta, kowa ya kama gabansa.

A makon nan na yi ta cin karo da wurin da Littafi Mai Tsarki ya kira mu gaɓoɓin jiki ɗaya. Na ɗauke shi wa'azin haƙuri ne kawai, ni kuwa haƙuri ya ishe ni.

Ran Juma'a da safe na tari motar shiga gari. Mu huɗu direba ya cusa a baya, kuma wa aka matso mini? Ita! Na kau da kai ina kallon taga. Muka maƙale a gosulo, ƙafata ta sage, na zura hannu ƙarƙashin jakunkuna na hau murza ta. Ban ji komai ba, sai na ƙara ƙarfi.

’Yar Filaton ta ce, "Mama, Allah ya yi albarka. Tun jiya gwiwan nan yana damuna. Please, ƙara sama kaɗan."

Wayyo! Ashe ƙafarta nake ta murzawa! Dariya ta ƙwace mini, har da hawaye. Direba ya waigo ya ce, "Madam, lafiya?" Da gaske ban san inda jikina ya ƙare nata ya soma ba. Nan na gane ayar ba roƙona take yi in daure in haɗa kai da kowa ba. Labari take ba ni: an riga an haɗa mu, Rai ɗaya ne yake numfashi a cikina da cikinta. To, in na bar zumunta, wa na bari, kuma ina za ni? Murna ta cika ni kamar yarinya ran Kirsimeti, zuciyata ta yi sanyi ƙalau.

Na ce, "Ƙanwata, nan ne?"

Ta ce, "Nan ne, Mama."

Ƙafata tana sage abinta, na ci gaba da murza tata har Wuse.