Haladu Mahauci da Mai Sayen Kitse

Haladu ya gaji fawa daga mahaifinsa a kasuwar Kazaure, rashin yarda da mutane kuwa nasa ne na kansa. Ko wuƙarsa ba ya ba wani ya wasa masa. In aka yabi namansa, sai ya shiga tunanin abin da mai yabon yake nema.

Wata shekara da bazara wata mata ta fara zuwa teburinsa. Sunanta Rahamatu, tana koyarwa a wata kwaleji a garin. Ba ta sayen tsoka. Kitse take so, ɗan mitsitsi, ta jefa a kwalba ta tura cikin ƙanƙara, sannan ta tambaya ko dabbar kiwatacciya ce ko ramammiya.

Haladu ya ce a ransa, ko dai duba-gari ce, ko wani abokin sana'a ne ya turo ta a yi masa asiri. Ranar da ta dawo sai ya tare ta.

"Malama, me kike yi da kitsen nan? Ko miya ba zai yi ba."

"Dubawa nake yi, Baba. Ka zo ka gani da idonka."

Ya je kwalejin, amma da kitsen da ya yanko da hannunsa, don kada a musanya masa. Ta fere shi siriri, ta ɗiga masa jan ruwa, ta sa a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa. Ya ga 'yan ɗakuna jere kamar saƙar zuma, kowanne cike da ɗigon mai.

Ta ce masa in dabba ta ƙoshi, ƙwayoyin jikinta kan mai da rarar abinci ta zama mai. Man yakan taru a cikin wata siririyar fata da ke cikin ƙwayar, ya kumbura ya zama ɗigo. Akwai sinadaran furotin da ke taimaka masa ya ɓullo, wasu kuma su lulluɓe shi suna gadi, sai yunwa ta zo su buɗe hanya jiki ya ci man.

Haladu ya daɗe yana kallo. Daga nan ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin na'urar, ko an liƙa hoto.

Bai taɓa cewa ya yarda ba. Amma ya ci gaba da ware mata kitse, har na tozon raƙumin da aka kawo daga Babura. Da aka mai da ta Dutse da aiki, sai ga shi a tasha da ƙunshin tsire. Ya miƙa mata ta taga, ya koma kasuwa kafin motar ta tashi.