Baba da Hatimin Kamfani

Shekara talatin da ɗaya mahaifina ya yi yana gyaran layukan tarho, kuma abin alfaharinsa guda ne: bai taɓa ɓalle hatimin da ba a ba shi izini ba. A wurin aikinsu, duk akwatin da aka liƙa wa hatimi sai da takardar shugaba ake buɗe shi. Ya ga an kori abokinsa a kan haka suna samari, shi ke nan abin ya shige masa jini. Abokan aiki suka raɗa masa Kar-a-taɓa. Ko kwalbar magani ce, sai ya karanta takardar ciki tsaf kafin ya murɗe murfi. Mu 'ya'yansa dariya muke yi masa. Ni dai yanzu na daina.

Mama tana da wani faifan garmaho a ƙasan akwatinta, naɗe da tsohon zane. Muryar mahaifiyarta ce a ciki. An taɓa gayyatar Kaka gidan rediyo ta yi wa yara tatsuniya, aka ba ta faifan ta taho da shi. Ta tafi da Mama ranar, tana 'yar shekara huɗu, kuma a ƙarshen faifan ana jin Kaka tana cewa, "Auta, sauka daga kujerar mutane." Wannan kawai Mama take so ta sake ji. Kunnenta na hagu ya daɗe da mutuwa, ga likita ya ce jijiyar na dama ma tana tafiya da sauri, kada mu sa rai da watanni masu yawa.

Baba ya samo injin juya faifai na hannu, lafiyayye. Amma sautin allura ba shi da ƙarfi, sai an bi da shi ta wani ƙaramin akwati kafin ya kai sifika. Ya nace sai mai ƙwayayen gilashin nan da ke yin ja in sun ɗau zafi, waɗanda yake kira bawul, wai su ne ke fitar da muryar mutum da ɗuminta. Ya yi oda daga wani kamfani na nesa. Akwati ya iso baƙi siɗik, da 'yar takardar azurfa liƙe a kan sukurun murfi, an rubuta cewa wanda ya yaga ta ya rasa garanti.

Muka jera kujeru a falo, aka kunna. Wani gurnani ya cika ɗakin, huuuu, kamar tsohon firji. Mama ta karkata kunnen dama har ta kusa taɓa sifika.

"Ina jin mace tana magana can ƙasa," in ji ta. "Malam, cire min wannan ƙugin, zan ji ta."

Wato ranar kunnen yana nan. Wannan ne abin da ke ci mini rai har gobe.

Baba ya san aikinsa, ba zan ci amanarsa ba. Ya ƙara ɗaure wayar ƙasa, ya canza soket, ya kashe firji da fanka, ya matsar da akwatin nesa da talabijin. Ya zare wayoyin injin faifan gaba ɗaya, gurnani na nan, ya ce to cutar a cikin akwatin take. Rana ta uku ya haska tocila ta ramukan shan iska ya kira ni.

"Zo ki gani. Wayar da ke ɗumama bawul ce suka kwantar a kan siririyar wayar allura. Ita ke zuba mata ƙugi. A ɗaga ta kawai."

"To ɗaga mana, Baba."

Ya nuna mini takardar azurfar da ɗan yatsa. Ko tsinke bai yarda a zura ta ramin ba. Wai kayan na hannun masu shi har garanti ya ƙare, mutumin kirki yana neman izini.

Ni ce mai rubuta masa saƙo. Ya yi bayani dalla-dalla, har da zane. Bayan kwana biyar amsa ta zo: suna godiya da zaɓen kamfaninsu, ko mun tabbatar an jona na'urar da wuta? Jama'a, abin da ba a jona ba ta ina zai yi gurnani? Muka amsa. Wani daban ya rubuto ya ce a canza soket. Na uku ya ce a ɗauki ƙarar a waya a turo. Muka turo, suka ce ba ta buɗu ba. Da na buga musu, minti arba'in ina sauraron kiɗa, sannan wata mai zaƙin murya ta ce ai ɗan ƙugi ɗabi'ar bawul ce, masana ma sonsa suke yi. Na ce mata baiwar Allah, uwata kurumcewa take yi. Ta ce ta fahimci damuwata ƙwarai, ta ba ni wata sabuwar lambar ƙorafi. Tir! Ban taɓa jin ladabi mai ƙazanta irin nasu ba.

Na ce a kai faifan wani wuri a juye shi a waya, Mama ta ce ba zai fita daga gidan ba, in ya fashe fa? Na ɗauki sukudireba da kaina, Baba ya riƙe mini hannu. A rayuwata bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar.

"Sun ce injiniyoyinsu na dubawa. Ki bari a bi ƙa'ida."

"Baba, kunnen Mama bai san ƙa'ida ba!"

Ya juya mini baya ya lulluɓe akwatin da tawul saboda ƙura. Haushinsa da nake ji bai kai na 'yan kamfanin ba, amma wallahi ya kusa.

Sati bakwai muka yi a haka. Wata safiya Mama tana yanka albasa a kicin, kofin shayi ya suɓuce wa Baba ya tarwatse a bayanta. Ko gezau ba ta yi ba. Ya kira ta, ya sake kira da ƙarfi. Ta ci gaba da yankanta.

Baba ya wuce falo, ya zare wayar wuta, ya zauna yana jiran akwatin ya huce. Sannan ya sa farce ya yaga takardar azurfar. Sukuru huɗu. Ya ɗaga wayar, ya ɗaure ta gefe da zare, ya mayar da murfi. Na duba agogo don takaici, minti shida.

Aka kunna. Shiru tsit, sai ɗan ƙas-ƙas na allura, sai ga muryar wata yarinyar mace, garau, tana dariya tana ba da labari. Ban taɓa jin Kakata ba sai ranar. Baba ya kamo hannun Mama ya zaunar da ita, ya murɗa sauti har ƙarshe, gilashin taga na karkarwa. Ta liƙa kunnen dama a jikin sifika ta rufe ido. Muka ji tatsuniyar ta ƙare, muka ji kujera ta yi ƙara, muka ji "Auta, sauka daga kujerar mutane." Allura ta kai ƙarshe tana zagaye.

Mama ta buɗe ido ta dubi fuskata, ta dubi ta Baba.

"Ta faɗa?"

Baba ya gyaɗa kai.

"To," in ji ta. Ta miƙe ta koma kan albasarta.

Ranar Talata saƙon kamfani ya shigo wayata. Injiniyoyinsu sun amince, a matsayin alfarma ta musamman, mai kaya ya buɗe murfin ya ɗaga wayar. Har yau ban nuna wa Baba ba.