Jan Ƙyalle a Jikin Kuɓewa

Jiya na shiga barka a wani gida a Gummi, sai na hango jan ƙyalle ɗaure a jikin kuɓewa. Saura kaɗan in rangaɗa guɗa.

Haka kakata take yi a lambunta na bayan ɗaki a Gwashi. Ɗan da ya fara fita, mafi ƙiba, shi take ɗaure wa ƙyalle. Sai ya bushe yana ƙaraurau take ɓare shi, ta cuɗe irin da toka saboda ƙwari, ta toshe a gora.

Shekarar fari, muna ta shan miyar kuka, na miƙa hannu zan tsinka. Ta riƙe ni da hannunta mai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta ce, "Wanga ba na miya ba ne, jikalle, na baɗi ne." Da ruwan alwalarta ta raya shi. Damina na faɗuwa, unguwa duka wajenta ta karɓi iri.

Na tambayi matar gidan barkar inda ta samo kuɓewar. Ta ce innarta 'yar Gwashi ce, da irin aka kawo ta gidan miji.

Na dawo da shi cike da tafin hannuna. Allah Ya sa kowane ƙwaya ya zame mata inuwa a kabari.